Talata: ɗibar ruwa kafin gari ya waye

Tun ƙarfe huɗu da rabi na asuba muka kama hanya, ni da direba da matashiyar da aka turo sashenmu koyon aiki. Masunta ne suka kai kuka ofishin hukumarmu ta kare muhalli, cewa kifi na tasowa saman ruwa a mace a ƙasan wata masana'antar saƙa da rini. Jiya shugaban sashe ya ce in je in gano masa. Ban sanar da masana'antar zuwanmu ba, doka ma ba ta ce sai na sanar ba.

Da gangan muka yi sammako. Da rana gansakuka da sauran tsirran ruwa suna fitar da iskar oksijin, da dare kuwa su ma shaƙarta suke yi, don haka gab da wayewar gari ne iskar ruwa ta fi ƙaranci. Wanda ya je da azahar sai ya tarar da lamba mai kyau a kogin da kifinsa ke mutuwa da asuba. Kuma mai bututun zubar da dagwalo da ba ya son a gani, cikin dare yake buɗe shi.

Mun fara daga sama da bututun, inda dagwalon bai taɓa ruwan ba. Idan babu wannan samfurin, lauyan masana'anta zai ce dama can a gurɓace ruwan ya gangaro, kuma ba mu da bakin musawa. A can na'ura ta nuna oksijin ya haura miligiram 6 a lita, lafiya lau. Yawancin kifi na buƙatar kamar miligiram 5, idan ya sauka ƙasa da 2 kuwa sai mutuwa ko gudu. Da muka gangara ƙasan bututun, ruwan ya koma shuɗi mai duhu, da ɗumi ko ta cikin safar hannu, oksijin bai kai 2 ba, ma'aunin pH, wato na tsami ko kanwar ruwa, kuma ya wuce 9, alamar sodar da ake rini da ita.

Na bar yarinyar ta ɗebi ruwan da kanta ina kallo. Ta fuskanci inda ruwan ke tahowa don kada lakar da ƙafarta ta tayar ta shiga kwalba, ta ɗauraye, ta nutsa, ta rufe tun a cikin ruwa ba tare da ko ƙwayar kumfa ba. A kwalbar gwajin ƙarafa ta ɗiga asid har pH ya sauka ƙasa da 2, don kada ƙarafan su manne a jikin kwalba kafin mu isa. Sai na miƙa mata wata mai ɗauke da tataccen ruwan da muka taho da shi, na ce ta buɗe, ta juye a sabuwar kwalba, ta rufe.

"Malam, wannan kuma na mene ne? Ai ba ruwan kogin ba ne."

Na ce mata shi ne shaidarmu. Idan aka gwada shi aka ga wani abu, to daga hannunmu ko kayanmu ya fito, kuma duk aikin yau ya tashi a banza. Kowace kwalba mun rubuta mata wuri da lokaci, mun manna hatimi, mun sa cikin ƙanƙara, sannan muka sa hannu a takardar da ke nuna duk wanda ya taɓa ta. A kotu wannan takardar ake fara tambaya kafin a dubi sakamako.

Muna haɗa kaya wani dattijo ya turo kwale-kwalensa gaɓa. Na ce, "Sannu da aiki, Baba." Ya ce, "Yawwa ɗana, ku ne da sannu. Ruwa ba ya tsami banza." Ya gaya mini ba kullum ruwan ke canza launi ba, sai wasu darare, kuma warin ne ke fara isowa kafin launin. Na rubuta maganarsa yadda ya faɗa, domin shi yana kan kogin a lokutan da babu ma'aikacinmu ko ɗaya. Sai ya tambaye ni yaushe za su ji abin da muka gano. Na ce zan dawo da kaina in faɗa masa, kuma zan cika. Amma tambayar ta tsaya mini a rai har yanzu, don a tsarinmu sakamako na tafiya ne daga ɗakin gwaji zuwa fayil, daga fayil zuwa masana'anta, mai shan ruwan kuwa sai in ya bi sawu. Tun 1998 ƙasashen Turai da dama suka rattaba hannu kan yarjejeniyar Aarhus, wadda ta mai da samun bayanan muhalli haƙƙin kowane mutum. A ganina kowace hukuma irin tamu ya kamata ta riƙa wallafa lambobinta ba sai an roƙa ba.

Manajan masana'antar ya karɓe mu da fara'a, ya shimfiɗa mana littafin gwajin da suke yi da kansu, kowane layi cikin ƙa'ida. Na ce, "Yallaɓai, a nuna mana tafkin tace dagwalon." Injinan da ke hura iska a cikinsa a kashe suke. Ya ce gyara ake yi tun jiya. Sai na nemi takardun kwashe laka, domin duk tafkin da ke aiki da gaske dole ya tara laka, dole kuma a kwashe ta a kai wani wuri. Aka yi ta nema ba a samo ba. Ban yi gardama da shi ba, na rubuta abin da na gani, ya sa hannu.

A hanyar dawowa na ba yarinyar labarin Flint a jihar Mishigan ta Amurka. A watan Afrilun 2014 aka sauya wa garin mashaya zuwa kogin Flint ba tare da sa sinadarin hana tsatsar bututu ba, dalma ta fara narkewa cikin ruwan famfo. Hukumar muhalli ta jihar tana da ɗakin gwaji, tana da ma'aikata, amma an riƙa umartar mazauna su saki famfo ya zuba tun da dare kafin su ɗebi samfur da safe, abin da ke rage dalmar da za a gani. Sai a 2015 masu bincike daga wata jami'ar Bajiniya da wata likitar yara, Mona Hanna-Attisha, suka fito da gaskiya. Abin da ya fi ba ni tsoro a aikin nan ke nan: ana iya bin kowane mataki a takarda, a kuma zaɓi lokaci da wurin da ba za a ga komai ba. Amfanin hukumar yanki shi ne kusanci. Mu ne za mu iya isa bakin bututu kafin rana ta fito, mu ne muka san yadda kogin yake a shekarun baya. Amma kusancin nan ne kuma ke sa mai masana'anta ya san wanda zai buga wa waya, shi ya sa nake son lambobin su fita fili.

Da la'asar na biya tashar auna iska na sauya matatar da ke tace ƙura. Tsohuwar ta fito toka-toka. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage iyakar ƙananan ƙwayoyin ƙura, waɗanda ake kira PM2.5, daga maikirogiram 10 zuwa 5 a kowace kubik mita ta iska, a matsakaicin shekara. Sai an auna nauyin matatar za a san inda muke.

Samfur na safiya guda ba zai isa hujjar rufe bututu ba, zai dai isa takardar gargaɗi. Na rubuta wa shugaban sashe ina neman a ba mu na'urar da ke ɗibar ruwa da kanta kowace awa, mu kafa ta a ƙasan bututun na tsawon mako. Kwalaben gwajin BOD, wanda ke auna yawan oksijin da ƙwayoyin halitta ke cinyewa wajen ruɓar da datti, sun shiga akwatin duhu mai zafin digiri 20. Kwana 5 cif za su yi, wato ranar Lahadi za a karanta su, ranar da ofis ke rufe. Na karɓi mabuɗin ɗakin gwajin, yarinyar ma ta ce za ta zo.