Ciwon haƙori: abin yi kafin ka isa wurin likita

Duk abin da za a yi a gida lallaɓa ciwo ne kawai. Haƙorin da ya yi rami ba ya cikewa da kansa.

Fara da sakace a hankali, da zare idan akwai, don sau da yawa guntun abinci ne ya maƙale yana danna dasashi. Sai ka zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya na ruwan ɗumi, ka kurkure baki kamar daƙiƙa 30, ka tofar. Idan kunci ya kumbura, naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora daga waje minti 15. Kada ka gasa wurin da ruwan zafi, kumburin zai ƙaru.

Babba zai iya shan farasitamol, miligiram 500 zuwa 1,000 duk bayan awa 6, kada ya wuce miligiram 4,000 a yini, saboda hanta. Ibuprofen ya fi kama irin wannan ciwon, miligiram 400 bayan an ci abinci, amma mai olsa, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su bar shi. Kuma don Allah kada a danna asfirin a kan dasashi: ƙona naman yake yi. Man kanumfari yana kashe zafi na ɗan lokaci, amma ɗigo ɗaya a auduga ya isa, shi ma idan ya yi yawa yana ƙuna.

Idan haƙorin babba ya fita ɗungurungum, a riƙe shi ta kai, kada a taɓa saiwar ko a goge ta. A ɗauraye, a mayar da shi gurbinsa, in bai yiwu ba a tsoma shi a madara, a ga likita cikin awa ɗaya. Na yaron da bai yi famfara ba, ba a mayar da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne ciwon da ya ɗauke kwatsam bayan kwanaki yana zugi. Mutum sai ya ɗauka ya warke, alhali wataƙila jijiyar ce ta mutu, mugunya kuma tana taruwa a gindin saiwa. Zazzaɓi, kumburin da ya doshi ido ko wuya, kasa buɗe baki, wahalar haɗiya ko numfashi, waɗannan na asibiti ne nan take, ko da tsakar dare ne.