Yadda na fara gane dangogin faɗa-wuta da farin zani da fitila

Tsutsar da ta cinye mana masara ce ta jefa ni cikin wannan harka. Ita wannan da ta shigo Afirka a 2016, wadda aka fara gani a Najeriya da wasu maƙwabta bayan ta taso daga nahiyar Amurka, sunanta na kimiyya Spodoptera frugiperda. Kowa a ƙauyenmu ya san tsutsar, ka buɗe tsakiyar ganyen masara ka ga kashinta kamar dusa, amma uwar da take saka ƙwan babu wanda ya taɓa nuna min ita. To wani ɗan'uwana da ya karanci aikin gona ne ya ce in nemi farin zani in rataya a bakin gona da dare, in haska shi da fitila mai caji, in zauna in ga ikon Allah.

Wallahi abin da ya sauka a zanin nan ya fi ƙarfin lissafina, manya da ƙanana, wasu ko ƙwayar shinkafa ba su kai ba wasu kuma sun kusa tafin hannu, kuma duk mu faɗa-wuta muke ce musu mu wuce. Daga baya na karanta cewa masana sun rubuta wajen iri 160,000 a duniya, su da malam-buɗe-littafi rukuni ɗaya ne da ake kira Lepidoptera, kuma malam-buɗe-littafin da muka fi sani shi ne ma ɗan kaɗan a ciki. Hanya mafi sauƙi ta raba su ita ce gashin nan biyu na kai, na malam-buɗe-littafi yana da ɗan ƙulli a ƙarshe, na faɗa-wuta kuwa zare ne siriri ko kuma mai kama da gashin tsuntsu.

Abin da ya fi yi min amfani shi ne na daina neman sunan kowane ɗaya, na koma neman danginsa. Sunan iri yana da wuya, su kansu masana wani lokaci sai sun feɗe ƙwaron ko sun yi gwajin DNA, amma dangi daga zaman ƙwaro a kan zani ma kana iya cankarsa. Mai kaurin jiki, launin toka ko ƙasa-ƙasa, ya naɗe fukafukai a bayansa, a fiffiken gaba da ɗan tabo mai siffar ƙoda, yawanci Noctuidae ne, nan uwar tsutsar masara take, nan kuma mai huda kan gero take wadda ta addabi manoman Nijar. Wanda ya shimfiɗa fukafukai sharɓan a zani, jiki siriri, layuka sun ratsa daga wannan fiffike zuwa wancan, Geometridae ne, sun haura iri 20,000, tsutsarsu ce mai tafiya tana lanƙwasa baya tana miƙewa. Akwai Erebidae da suka fi kowa yawa, su da can da yawansu a cikin Noctuidae ake lissafa su sai da binciken DNA ya sa aka ware su wajen 2011, shi ya sa in ka ɗauko tsohon littafi za ka ga sunayen ba su zo ɗaya da na intanet ba.

Ƙananan nan su ne abin tsoro fa. Crambidae bakinsu a tsine yake gaba, kuma a cikinsu Maruca take, mai cin fure da kwanson wake, fiffikenta na gaba ruwan ƙasa da fararen tabo, na baya fari da baki-baki a gefe, in ka gane ta sau ɗaya ba ka ƙara mantawa. Saboda ita cibiyar binciken aikin gona ta IAR Zariya ta fitar da irin waken SAMPEA 20-T mai jure ɓarnarta a 2019. Sharon kuma da ta kassara tumatir a Kano da Kaduna a 2016 daga dangin Gelechiidae take, tsawonta ko santimita ɗaya bai kai ba. Asu mai cin tufafi a akwati ma na wannan tawaga ne, danginsa Tineidae.

Amma ni waɗanda suka shiga raina su ne Sphingidae. Jiki doguwa mai tsini, fukafukai sirara, in ɗaya ya zo kana jin ƙugin fiffikensa kafin ka gan shi, yana iya tsayawa cak a iska ya zura dogon bakinsa cikin fure ya sha, a haka yake kai garin fure daga wannan zuwa wancan. Na taɓa riƙe ɗaya a hannu, jikinsa da ɗumi, yana karkarwa, garin jikinsa ya shafe min yatsu. Sai Saturniidae manya masu tabo kamar ido a fiffike, su in sun girma ko abinci ba sa ci, 'yan kwanaki ne su yi ƙwai su mutu, a cikinsu akwai Cirina mai cin ganyen kaɗanya wadda ake cin tsutsarta a ƙasar Nufe da Burkina Faso. Ita kanta rigar tsamiya ta sarakuna da malamai zarenta daga gidan tsutsar wani irin faɗa-wuta da ake kira Anaphe ake samo shi. Shi ya sa yake min ciwo in ga mutum ya ga kowace tsutsa ya ɗauko magani ya fesa, alhali masu ɓarnar kaɗan ne, saura kuwa abincin tsuntsaye ne da jemagu.

Mai son gwadawa, daren da babu farin wata ya fi, musamman da damina bayan an yi ruwa gari ya yi zafi-zafi babu iska. Ka ɗauki hoto daga sama, ka sake ɗauka ta gefe, ka ajiye tsinken ashana kusa don a gane girma, sannan ka ɗora a iNaturalist, wani shafin intanet na gane halittu, masana su duba maka. In tsutsa ka samu ka saka ta a kwalba da ganyen da ka same ta a kai da 'yar ƙasa a ƙasan, ka rufe da ƙyalle, kana canja ganyen har ta rikiɗa, ta haka na tabbatar da uwar tsutsar masararmu, tsutsar dama tana da alama kamar Y a kife a goshi da ɗige huɗu kusa da wutsiya. Kuma don Allah ka kashe fitila ka kakkaɓe zanin kafin asuba, in ba haka ba ƙadangaru da kaji za su cinye su gaba ɗaya. Bana so nake in kai zanin gindin kaɗanya farkon damina ko Allah zai sa in samu Cirina.