Godiya bayan sunan Ummi

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdu lillahi, an yi taron sunan Ummi ranar Asabar da ta wuce a nan Manchesta, an kuma tashi lafiya. Da yawanku kun san taro ne da ya zo a makare. An raɗa mata suna tun ranar bakwai, Baba ya yanka rago a Kano muna kallo ta waya, amma mai sunan tana cikin kwalba a asibiti, ni kuma ko miƙewa sosai ba na iya yi saboda ɗinki. Bakwaini ce. Hawan jini ne ya taso mini a tsakiyar Disamba, likitoci suka ce ba za a jira ba, aka shiga da ni tiyata aka ciro ta. Yanzu tana gida, tana kama nono da kanta, kukanta kuwa har maƙwabta sun shaida. Mama aka yi wa takwara, don haka kada kowa ya jira in rubuta ainihin sunan a nan.

A wurin taro hayaniya ba ta bari na gode wa kowa yadda ya kamata ba, shi ya sa na zauna na rubuta.

Likitoci da ma'aikatan jinya na ɗakin jarirai, ba za su karanta Hausa ba, amma ina so ku sa su a addu'a. Sun koya mini tatsar nono lokacin da ko ɗigo ba ya fita, sun koya wa Abban yara yadda zai kwantar da 'yarsa a ƙirjinsa fata da fata ba tare da ya taɓa wayoyin da ke jikinta ba. A cikinsu akwai wata nas 'yar Sifaniya da ta gane ɗan ƙasarsu ne tun daga lafazinsa. Mutanen ƙasarsu suna da al'adar cin inabi ƙwaya goma sha biyu a daren shiga sabuwar shekara, ƙwaya ɗaya ga kowane bugun agogon dandalin Puerta del Sol da ke Madrid. Da yake suna gabanmu da awa ɗaya, ƙarfe sha ɗaya na dare ne a nan. Sai ga ta da inabi a kofin takarda, ta kira shi baranda, suka buɗe waya suna bin agogon, baki cike. Ranar ce na fara jin dariyarsa tun da aka kwantar da ni. Allah ya saka mata da alheri.

Ga waɗanda ba su san mu sosai ba, Abban yara mutumin Granada ne, a kudancin Sifaniya. Yana cikin matasan da suka bar ƙasar a 2013, lokacin da rashin aikin yi ya haura kashi 26 cikin ɗari, na matasa kuma ya wuce kashi 55. Ya zo da takardar injiniya ya fara da wanke kwanuka a gidan abinci, da niyyar ya ɗan tara wani abu ya koma. Ga shi har yau yana nan, da mata Bakanuwa da 'ya'ya biyu. Mutanenmu kan ɗauka tunda Bature ne, ai nan ma gida ne a wurinsa. Wallahi baƙo ne kamar ni, wani lokacin ma kewar gida ta fi cin sa. Ya tashi a inda kakanni ke ɗauko jikoki daga makaranta, a ci abincin rana ƙarfe biyu ko uku, na dare sai tara ko goma, yara suna guje-guje a dandali har iyaye su gaji da hira, ranar Lahadi kuma dangi duka a gidan tsohuwa. A nan kafin shida an ci na dare, bakwai yara sun kwanta, a Disamba kuma kafin huɗu an kira magariba. Mun daɗe muna lallaɓa rayuwa mu biyu, wannan ya fita wancan ya shigo, ba mu san iyakar ƙarfinmu ba sai da ɗaya ya kwanta. Asibiti ya riƙe Ummi. Yayanta mai shekara shida fa, wa zai kai shi makaranta, wa zai ɗauko shi, wa zai ba shi abinci?

A nan ne surukata ta shigo, Abuela, wato kaka, kamar yadda jikokinta ke kiranta. Bizar Mama ba ta fito a kan lokaci ba, ita kuwa wannan baiwar Allah ta haura saba'in, ba ta jin Turanci ko kalma goma, ba ta kuma taɓa hawa jirgi ita kaɗai ba. A da da katin shaidar ɗan ƙasa suke shigowa Ingila, yanzu sai da fasfo, tun Afrilun 2025 kuma sai an nemi izinin shiga ta intanet. Ƙanwar Abban yara ta cike mata komai, ta tuƙo ta daga Granada zuwa Malaga, ta sa ta a jirgi, tafiyar wajen awa uku. Ta sauka da akwati cike da man zaitun da wake iri-iri da turaren jarirai na Nenuco da 'yan kunnen zinariya ƙanana. Cuku ne kawai ya rage a gida, domin Birtaniya ta hana matafiya shigo da nama da kayan madara daga Turai saboda wata cutar shanu, kuma har ta gama zamanta da mu ba ta daina mitar wannan cukun ba.

Kirista ce, 'yar Katolika mai riƙo da addininta. Tun da ɗanta ya musulunta ta fitar da naman alade daga duk tukunyar da zai ci, ba tare da an roƙe ta ba. A nan ma da kanta ta koyi hanyar mahautan halal na Cheetham Hill, tana nuna abin da take so da yatsa, suna auna mata. Kullum sai ta dafa romon kaza ta zuba a fulas ta ba ɗanta ya kawo mini, domin a wurinsu shi ne abincin mai jego. Su ma ashe suna da kwana arba'in ɗinsu na hutun haihuwa, don haka ba ta sha wahalar gane namu ba.

Abin da ba zan manta ba shi ne wanka. Ni an raine ni da kunyar suruka, ko sunanta ban taɓa kamawa ba duk da ta sha roƙona, idan na durƙusa gaishe ta sai ta ɗago ni ta sumbaci kumatuna biyu. To wannan matar ce ta riƙe ni a banɗaki ranar da aka sallamo ni, ta wanke mini baya, ta tsane mini wurin ɗinki, ta sa mini kaya, ina kuka tana yi mini magana da harshen da rabinsa kawai nake ji. Aka sallame ni aka bar 'yata a asibiti, ba uwar da za ta so ta ga wannan rana. Ita ce ta kwana a gefena. Abuela, ɗanki zai karanta miki wannan. Na gode. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya sa jikokinki su ji ƙanki.

Daren biyar ga Janairu yaran Sifaniya ke ajiye takalmansu, su wayi gari ranar shida su tarar da kyaututtuka. Kafin ta yi komai sai da ta sa ɗanta ya tambaye ni. Mun daidaita a kan wannan tuntuni: kyauta ce daga kaka zuwa jika, da sunanta ake bayarwa, ibadar kowa kuma tana wurinsa. Yaron da ya yi makonni yana tambayar yaushe Mami za ta dawo, ranar ya wuni yana haɗa jirgin ƙasa a tsakar falo.

Sai iyayen Sifaniyawa na haɗuwar Asabar. Wasu iyalai ne da ke taruwa da safe suna karanta wa yara littattafai da waƙoƙi don kada harshen ya kuɓuce musu. Gwamnatinsu tana da azuzuwan kyauta na 'ya'yan 'yan ƙasa mazauna waje, ana kiran tsarin ALCE, amma sai yaro ya kai shekara bakwai, shi ya sa iyayen ƙanana ke yin nasu. Ni a da rakiya kawai nake yi, in zauna a gefe da shayina. Da labari ya kai gare su, kafin dare sun tsara jadawali a WhatsApp: wane zai kai makaranta, wance za ta ɗauko, wane zai raka Abuela kanti ya yi mata tafinta. Duk wadda ta ɗauko shi sai ta ba shi abin taɓawar la'asar yadda ya saba a wurin ubansa, burodi da man zaitun ko da cakulan, kuma ba wadda ta taɓa mantawa ta duba ko abin da za ta ba shi halal ne. Ɗaya daga cikin mazan ne ma ya ankarar da Abban yara game da hutu. Dokar nan mako biyu kacal take ba uba, abin da ke ƙona masa rai ke nan, domin a ƙasarsu tun 2021 uba yana samun mako 16 daidai da uwa, an ma ƙara a kai daga baya. Ashe tun Afrilun 2025 akwai sabon hutu a Birtaniya ga iyayen da aka kwantar da jaririnsu cikin kwana 28 na farko ya kuma yi aƙalla kwana bakwai a jere a asibiti, yana iya kaiwa mako 12. Na rubuta shi a nan ne saboda 'yan uwanmu da ke ƙasar nan, Allah ya sa kada ku buƙace shi, amma ku san da shi.

Matan Hausawa na Manchesta da kewaye, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan Zangon Ghana, ku kam me zan ce? Tuwo da miyar kuka, farfesu, dambun nama, kunun gyaɗa, har firjinmu ya ƙi rufuwa. Hajiya babbarmu ta zo da niyyar wankan jego cikakke da kunun kanwa, likita ya ce a'a saboda hawan jinin da ɗinkin. Ta yi ɗan gunaguni ta haƙura, ta koma kunun tsamiya. Likitan yana da hujja, tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta yawan kanwa da zafin wankan jego da ciwon zuciyar da ke kama masu jego, don haka duk mai hawan jini ta yi hattara ko da gyatuma za ta yi fushi. Abin dariya shi ne Hajiya da Abuela. Ba mai jin harshen wata, amma sai su shafe awa biyu a kicin suna nuna wa juna kayan miya, kuma bakinsu ya zo ɗaya a kan abu biyu: ba na cin abinci sosai, sannan a huda wa yarinya kunne da wuri. Turawan nan suna ganin hujin kunnen jaririya wani abu ne daban, Sifaniyawa kuwa kamar mu suke. Mun ce su dakata sai ta ƙara ƙwari.

Malaman Islamiyya da suka riƙa aiko mota ranar Lahadi, da limamin da ya zo har asibiti ya yi wa Ummi addu'a ta bayan gilashi, Allah ya biya ku.

Maƙwabciyarmu Baturiyar Ingila, tsohuwar malamar makaranta, ita ta kwana da yaron a daren da aka yi gaggawar tafiya da ni. A gidanta haƙorinsa na farko ya fita. Ta ce masa wata aljana ce za ta zo ta ɗauka ta bar kuɗi, ya ce a'a, Abbansa ya ce ɓera ne mai suna Pérez, ya kuma kira ni a waya ina gadon asibiti in raba gardama. Na ce mu dai a Kano bisa rufin ɗaki muke jefawa, a rufe baki kada ƙadangare ya ga giɓin. Ya yi shiru, sannan ya tambaya ko a Manchesta akwai ƙadangare. Fam ɗaya dai ya samu a ƙarƙashin matashi, da Abuela ta iso ta ƙara masa yuro biyu a madadin ɓeran, ni kuma yana bi na bashi.

Zaman da ya yi da kakarsa ya sa Sifaniyancinsa ya tsere wa Hausarsa, har da haɗiye ƙarshen kalma irin na mutanen Granada. Mama, ki shirya, aikinki ne idan kin zo.

Godiya ga abokin Abban yara da ya bi mana takardu. An yi wa Ummi rajistar haihuwa a nan cikin kwana 42 da doka ta tanada, sannan aka kai ƙaramin ofishin jakadancin Sifaniya. A tsarinsu kowane yaro sunan dangi biyu yake ɗauka, na uba da na uwa, kuma yadda aka jera wa ɗan fari haka za a jera wa ƙannensa. Ni kuwa sunan Baba nake amfani da shi, don haka sunansa zai hau fasfon Sifaniya karo na biyu. Da aka gaya masa sai ya ce to, madalla, ashe Turawan nan sun san darajar kakan wajen uwa.

Mama da Baba, yayye da ƙanne, gwaggonni da kawunnai da suka yi ta sauke Alƙur'ani da sadaka a Kano, da dangin Granada da ke kiran bidiyo kowane dare su goma a waya ɗaya kowa na magana lokaci guda, duk mun ji a jikinmu. Abban yara, kai ma na gode. Ka yi zirga-zirga tsakanin asibiti da gida da makaranta, ka yi tafinta tsakanin mahaifiyarka da likitoci da Hajiya, ka ɓoye tsoronka don kada in gani, kodayake na gani.

Masu tambayar yaushe za su zo barka, ku yi mana haƙuri zuwa bayan sallah. Likitoci sun ce lokacin sanyi ne, huhunta bai gama ƙwari ba, mai mura ko tari ya dakata, wanda ya zo kuma ya wanke hannu, ban da sumbata. Wanda na manta ban ambata ba ya yafe mini, Allah ya san da shi, ya saka wa kowa da mafificin alheri, ya bar zumunci. Akwai kuloli da fulas-fulas da robobin abinci sun cika mana kicin, yawancinsu ba suna a jiki. Zan sa hotonsu a zaurenmu na WhatsApp gobe in sha Allahu, kowa ta nuna nata, Abban yara zai bi gida-gida ya mayar.