Adashen da ya cinye min jari kafin na gane ƙawayen da suka dace da ni a Kubwa

Har yau in na tuna adashen nan sai in ji wani abu ya tokare min a maƙoshi, kuma ba kuɗin kaɗai ba ne duk da kuɗin ma ba kaɗan ba ne a wurina, abin da ya fi ci min rai shi ne irin matar da nake nema tana nan a fulat ɗin da ke ƙasan nawa duk tsawon watannin nan, ni kuma ina can ina bin motocin mutane zuwa Gwarimpa.

A watan Oktoba na 2022 aka yi wa Abban yara canjin wurin aiki, muka taso daga Rijiyar Lemo muka dawo Kubwa a Abuja, can wajen Byazhin. Yarana uku, babbar shekararta 8, mai bi mata 5, sai jariri ɗan wata biyu. Ni a Kano ban taɓa sanin wai ana fita neman ƙawa ba, gidan Umma taku kaɗan ne, yayyena biyu suna Kurna, matan layinmu kuwa tun muna 'yan mata muka san juna, yaro in ya yi rashin ji a waje duk wadda ta gani za ta tsawatar masa tun kafin labari ya iso min. Sai ga ni a gida mai fulat huɗu, kafin shida da rabi na safe kowa ya fice saboda gosulon hanyar shiga gari, get a rufe, daga ni sai jariri sai ƙarar janareton maƙwabta. Wallahi akwai ranar da na lissafa daga asuba har isha'i ban yi magana da wani babba ba in ban da mai ruwa da ya turo kura.

To a cikin wannan halin aka gayyace mu suna a gidan wani abokin aikin Abban yara, a nan wata Hajiya ta ji Hausata ta ce ke 'yar Kano ce ko, ta karɓi lambata ta jefa ni a guruf ɗinsu na WhatsApp. Daren nan kasa barci na yi don murna. Matan Arewa zalla, wasu 'yan Kano, wasu Katsina, wasu Zariya, ana hira ana tsokanar juna kamar a tsakar gida. Abin da na yi tunani shi ne tunda yarenmu ɗaya, abincinmu ɗaya, to ai tarbiyyarmu ma ɗaya ce, ko sau ɗaya ban tsaya na tambayi kaina yaya suke renon nasu yaran ba. Nan ne kuskuren ya fara, duk abin da ya biyo baya rassansa ne.

Sati biyu da shigata aka fito da anko na farko. Ban gama ɗinka shi ba aka fito da na biyu. Sai kuma maganar adashe, dubu 50 duk wata, mu goma, aka ce min sabuwar shiga ita ke ɗaukar ƙarshe haka tsarin yake. Ni da na tashi ina ganin Umma tana adashe shekara da shekaru, na san sarai ba a shiga zubi da mutanen da ba ki san gidan iyayensu ba, na san ɗaukar ƙarshe sai inda aka yi amana, amma kunyar a ce baƙuwa ta fara da ƙorafi da tsoron kar a cire ni in koma zaman shiru suka rufe min baki. Na ce to. Kuma na gaya wa Abban yara dubu 20 ne, sauran ina cirewa daga jarin atamfa da turaren wuta da nake sarowa daga Kantin Kwari ana aiko min a mota. Wannan ɓoyewar ita ma tana cikin abin da nake jin nauyinsa har yanzu.

Ba zan ce mugayen mutane ba ne, akwai masu kirki a cikinsu sosai, wata ma har gida ta zo duba ni da na yi zazzaɓi. Rayuwarmu ce kawai ba iri ɗaya ba. Ranar da na fara ganewa ita ce ranar bazden 'yar ɗaya daga cikinsu, an kama wuri an yi ado, yara 'yan shekara bakwai takwas kowacce da wayarta a hannu, iyaye na Hausa a gefe yara kuma ba mai ko gaisuwa da Hausa. Babbar 'yata ta durƙusa ta gaida wata Hajiya kamar yadda aka koya mata, sai na ga yaran sun haɗa kai suna dariya. A mota ba ta ce komai ba. Da daddare ina shafa mata mai ta ce min Mama don Allah in mun fita ki daina yi min Hausa, kuma wai yaushe za a saya mata waya. Yarinyar da a Kano take zama gaban kakarta tana ba ta tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Na yi kuka a banɗaki ranar, amma kun san me, da wata ya ƙare na sake tura dubu 50 ɗina.

Ita kuwa maƙwabciyar tawa ta ƙasa, Banufiya ce 'yar Bida, kowa Maman 'yan biyu yake ce mata. Satin farko da muka tare ta aiko yaranta da kwanon shinkafa da miyar kifi, na karɓa na ce a yi godiya, na wanke kwanon na mayar haka nan wayam, abin da in a Kano ne Umma ta ji sai ta yi min faɗa. Ta sha yi min sallama in ta dawo daga makarantar da take koyarwa, ni kuma in amsa daga bakin ƙofa ina duba waya. A raina na riga na yanke cewa ba za mu daidaita ba, Hausarta da ɗan karkacewa, ba ta shiga anko, ba ta zuwa inda muke zuwa.

Sai lokacin canjin kuɗi ya zo. Duk wanda yake Najeriya a watan Fabrairun 2023 ya san abin da aka sha, tsofaffin dubu ɗaya da ɗari biyar an daina karɓa, sababbin babu, transfa ta maƙale kwana biyu, mai POS ya caje ki abin da ya ga dama in ma yana da kuɗin ke nan. Ana saura 'yan kwanaki zaɓe Abban yara ya yi tafiyar aiki, cikin dare wajen sha ɗaya jikin jaririna ya yi zafi rau, yana numfashi sama sama, ko naira ɗaya ta takarda babu a hannuna. Na rubuta a guruf, mutum talatin da wani abu ne a ciki, masu ido biyu suka yi ta turo Allah ya ba shi lafiya, Allah ya sawwaƙe, kuma ban ga laifinsu ba don mafi kusa da ni a cikinsu tana Dutsen Alhaji, wa zai fito a wannan daren. Na sauko da yaro a kafaɗa na ƙwanƙwasa ƙofar da na yi wata huɗu ina wucewa.

Ba ta tambaye ni komai ba. Ta taɓa goshinsa ta ce Maman Baby ɗauko hijabinki, ta tashi mijinta ya fito da mota, ta ɗebo tsofaffin 'yan ɗari bibbiyu da aka ce a ci gaba da karɓa a lokacin ta danƙa min dubu huɗu, ta tura babbar 'yarta ta hau sama ta kwana da nawa biyun. Har ƙarfe uku muna asibiti tana zaune kusa da ni. A kan bencin nan ne muka yi hirar da ban taɓa yi da kowa a guruf ba, ashe ita ma ta hana waya sai yaro ya gama sakandare, talabijin sai Asabar da Lahadi, 'yan biyunta maza ne amma suna wanke wanke suna shara, a gida Nufanci suke yi dole ko sun ƙi ko sun so, ta ce min yaron da bai iya gaida kakarsa da yarenta ba me aka yi ke nan. Ina jin ta ina jin kamar Yaya Babba ce take min magana.

Abin haushin, bayan wannan daren ma sai da na ƙara zubi uku. Na riga na zuba wata huɗu, ina ganin in na fita yanzu na yi asara, gara in daure in kai layina. Maman 'yan biyu da na gaya mata ta ce min Maman Baby ki je ki nemi a matso da ke ko ki tsaya haka, ban ji ba. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, litar da ake saya ƙasa da 200 ta haura 500, cikin watan Yuni biyu daga waɗanda suka riga suka kwashe suka ce ba za su iya ci gaba ba, wata ta bi su, uwar adashe ta ce a yi haƙuri a dakata tukuna. Zubi bakwai na yi, dubu 350. Abin da ya dawo hannuna dubu 100 ne, shi ma a gutsure sau uku. Ranar da na zauna na faɗa wa Abban yara gaskiyar adadin bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi da kin gaya min tun farko, kuma wannan ta fi min zafi a kan faɗa.

Sauran ƙawayen da nake da su yanzu duk ta hanya mai arha suka zo, ba anko ba zubi. Maman 'yan biyu ta ce in daina ba mai keke yara shi kaɗai zuwa Islamiyya, in riƙa raka su da ƙafa ƙarfe huɗu in kuma tsaya bakin get in an tashi. A nan na gane dabarar, yaran za ki fara kallo kafin iyayen. Yaron da ya fito ya gaida malam, ya riƙe hannun ƙaninsa, ya ɗauke takarda daga ƙasa ba a sa shi ba, ki bi shi da ido ki ga wa ta zo ɗaukarsa, ita za ki yi wa sallama. Haka na samu wata 'yar Gombe mai ɗinki, sai da muka yi wajen sati uku muna gaisuwa kawai kafin na tambaye ta inda take sayen kayan miya da sauƙi, ta ce in zo mu je Dei-Dei tare mu raba kwando. Ta huɗunmu ma ba a Islamiyya na same ta ba, a layin rigakafi ne ranar allurar ƙyanda ta wata tara, nas ce 'yar Kafanchan, Kirista, Hausarta ta fi ta wasu 'yan Kano daɗi, ita ta fara min ƙorafin yadda ake ba yara waya don a samu su yi shiru, muka yi ta magana har aka kira lambata ban ji ba. Da a watan farko aka ce min wannan za ta zama wadda zan bar wa yarana in tafi unguwa da na musa.

Yanzu mu huɗu muna karɓa karɓa wajen kai yara makaranta tunda kuɗin keke ya ninka, ranar Asabar yaran su taru a gida ɗaya, duk wadda ta ga ba daidai ba ta tsawatar ba sai ta jira uwar ba, wannan mun yi magana a kai ƙarara tun farko don kar wata ta ji haushi. Babbar 'yata ta koma Hausarta har tana koya wa 'yan biyu kacici kacici, su kuma sun koya mata gaisuwar Nufanci. In wata sabuwar zuwa ta tambaye ni, abin da nake fara gaya mata shi ne kar ta sa kuɗi tsakaninta da kowa sai ta yi aƙalla wata shida tana ganin mutum, ta shiga gidansa ta ga yadda yake da yaransa in ba baƙi, in kuma aka ce mata sabuwa ce ke ɗaukar ƙarshe ta ce ta gode. Mu huɗun nan ma da maganar adashe ta taso ni na ce a'a, suka yi nasu su uku, ba wadda ta canja min fuska.

Guruf ɗin ban fita ba har yau, na dai kashe masa ƙara, saboda dubu 250 ɗina tana wurin waɗanda suka kwashe kuma ina so su riƙa ganin sunana. Jarin atamfar bai dawo yadda yake ba, turaren kawai nake yi yanzu. Da azumin da ya wuce na sake tura wa uwar adashen saƙo cikin ladabi, ta buɗe ta karanta ba ta amsa ba, bayan kwana biyu na ga ta saka hoton sabon anko. Abban yara ya ce in bar wa Allah, Maman 'yan biyu ma haka ta ce, ni dai na ce musu zan bari amma ba yanzu ba, bayan Babbar Sallah zan sake tura mata.