Matakala 638 zuwa Rijiyoyi Bakwai na Langkawi

A lokacin da nake karatu a jihar Kedah da ke arewacin Malesiya, ni da wani abokina Bakatsine muka ware kwana biyu domin mu je mu ga magangarar ruwan da ake kira Telaga Tujuh, wato Rijiyoyi Bakwai a harshen Malay, a tsibirin Langkawi. Mun shiga jirgin ruwa daga Kuala Perlis da sassafe, bayan sa'a ɗaya da 'yan mintuna muka sauka a Kuah, babban garin tsibirin, inda muka ɗauki hayar ƙaramar mota muka nufi arewa maso yamma. Watan Oktoba ne, lokacin da ruwan sama ya fi yawa a wannan yanki, kuma da gangan muka zaɓe shi, domin an gaya mana cewa a watannin rani ruwan yakan janye har ya koma kamar zare a jikin dutse.

Ruwan yana saukowa ne daga dutsen Mat Cincang, wanda tsawonsa ya ɗan haura mita 700, kuma masana sun ƙiyasta cewa duwatsunsa sun wuce shekara miliyan 500, su ne mafi tsufa a ƙasar. Suna cikin dalilan da suka sa hukumar UNESCO ta sanya Langkawi cikin wuraren tsofaffin duwatsu masu tarihi da ake karewa a shekarar 2007. Daga inda ake ajiye motoci zuwa rijiyoyin akwai matakala 638 da aka gina a cikin kurmi, ni kuwa da na ji adadin sai na raina shi, ina ganin wanda ya saba da ranar watan Afrilu a Kano ba zai sha wuya a ƙarƙashin inuwar bishiyoyi ba. Ban yi matakala ɗari ba rigata ta jiƙe sharkaf. Zafinmu na gida busasshe ne, gumi yana fitowa iska tana shanye shi, amma a kurmi iskar da kanta a jiƙe take, saboda haka gumin yana zama a jiki, numfashi kuma yana yin nauyi. Gorar ruwa ɗaya da muka riƙo mu biyu ta ƙare tun kafin mu kai rabin hanya.

Kuskurena na biyu shi ne ledar da na riƙo da shinkafar da muka saya a hanya. Birai masu dogon wutsiya da ke zaune a gefen matakalar sun san ƙarar leda kamar yadda akuya ta san ƙarar kwanon dusa, kuma wani babba daga cikinsu ya diro gabana, ya buɗe haƙora, ya fizge ta ya haye bishiya. Ban yi jayayya da shi ba, domin cizon biri ba abin wasa ba ne. Abokina da ya zuba nasa abincin a cikin jakar goyo ya zuge, ko kallonsa ba su yi ba.

Kafin a kai sama akwai wata hanya da ta ratse zuwa gindin magangarar, inda ake ganin ruwan yana zubowa daga tsayin kimanin mita 91 a kan dutse mai faɗi. Ƙararsa tana hana a ji magana, feshinsa yana jiƙa mutum tun daga nesa, don haka kowa a wurin yana takawa a hankali. Da muka ƙarasa sama sai muka tarar da wuri mai natsuwa: gurabe bakwai da ruwa ya sassaƙa a cikin dutse, ɗaya yana malala cikin ɗaya, ruwan garai-garai mai sanyi, yara suna zamiya daga wannan gurbi zuwa wancan. Mutanen tsibirin suna da tatsuniyar cewa aljanu mata ne suke wanka a nan. Abin da ido ba ya lura da shi da wuri shi ne cewa gurbin ƙarshe yana kusa da bakin da ruwan yake faɗawa ƙasa, dutsen da ke kewaye da shi kuma gansakuka ta lulluɓe shi, yana da santsi kamar an shafa masa sabulu. A ganina nan ne ainihin hatsarin wurin yake, domin natsuwarsa tana sa mutum ya saki jiki.

Muna zaune da ƙafafunmu a cikin ruwa, sama ba ta zubo ko ɗigo ba a inda muke, sai wani dattijo Bamalaye da ya zo da jikokinsa ya miƙe da sauri ya fitar da su, sannan ya yafuto mu yana nuna ruwan. Launinsa ya fara komawa na shayi, ganyaye da ƙananan itatuwa suna biyo shi. Ya ce mana wannan alama ce ta abin da suke kira kepala air, ma'ana kan ruwa: idan aka yi ruwan sama a can ƙololuwar dutse, sai ya taru ya gangaro a lokaci ɗaya. Na ji kunya ƙwarai, domin na san wannan tun ina yaro. A ƙauyenmu ana hana mu wasa a yashin rafi da damina saboda ruwan da aka yi a wani gari yakan iso ba sallama. Kyawun wurin ne ya mantar da ni. Cikin 'yan mintuna dutsen da muka zauna a kai ya nutse, ruwan ya yi jawur yana ruri.

Ruwan saman ya riske mu a kan hanyar saukowa, ni kuma silifas ne a ƙafata. Sau biyu ina zamewa, a na biyun na daki gwiwata da gefen matakala, daga nan na cire silifas ɗin na sauko da ƙafa ba takalmi ina riƙe da ƙarfen gefe. Da muka isa mota na ga matsattsaku ɗaya ya maƙale a idon sawuna ya ƙoshi da jini.

Na koma Telaga Tujuh bayan wata biyar da wasu ɗalibai sababbin zuwa. Mun fara hawa da ƙarfe takwas na safe, kowa da kambas mai riƙe ƙasa da gorar ruwa biyu a cikin jaka, babu mai leda a hannu, kuma na zaunar da su a gurbi na sama, nesa da bakin magangarar. Watan Maris ne, ruwan ya ragu sosai, har ɗaya daga cikinsu ya tambaye ni ko wannan ɗan ruwan ne nake ta ba su labarinsa. Na nuna masa wani gungumen itace da ke maƙale a tsakanin duwatsu, sama da kanmu, inda ruwa ya ajiye shi da damina.