Na tsaya a kwana ta 16

Bourg d'Oisans, Faransa, bayan sallar Isha'i

Hannuna rawa yake yi har yanzu, amma gara in rubuta tun abin yana da zafinsa. Ban gama Marmotte ba, tseren keke na yini ɗaya a duwatsun Alps. Kilomita 174 ne, da hawan da in an tara shi zai kai mita 5,000, ni kuwa na yi kusan 163 na tsaya a wata kwanar hanya ta hawan ƙarshe. Wata takwas ina shiri, duk ƙarshen mako ina barin Lyon tun da duhu in nemi tudu, kuma abin da ya rage mini bai wuce kilomita 11 ba.

Na tashi kafin huɗu, na yi Asuba, na tura shinkafa da ƙwai ba don ina jin yunwa ba. Aljihun riga na cika shi da dabino da ayaba, gora biyu na ruwa a jikin keke. Da na isa wurin tashi, titunan garin sun cika maƙil da mutum dubbai, kowa da hular kwano, harsuna kala-kala, sanyi yana ratsa yatsu duk da lokacin bazararsu ne. Mu da ba gwanaye ba aka ajiye mu a rukunin baya, sai wajen takwas saura muka motsa.

Hawan farko Glandon ne, mita 1,924. Daga madatsar ruwan Verney hanya take miƙewa cikin daji, kuma nan na yi kuskuren da na biya da yamma. Ƙafa sabuwa, jiki yana jin daɗi, ga wasu samari sun wuce ni, sai na bi su. Numfashina ya faɗa mini na wuce ƙa'ida, na ƙi ji. Bayan ƙauyen Rivier d'Allemont hanya ta ɗan gangara sannan ta tashi tsaye kamar bango, na danna feda da ƙarfin da ya kamata in ɓoye wa la'asar. Da muka fita daga itatuwa muka hango tafkin Grand'Maison, ruwa shuɗi kwance tsakanin duwatsu, na yi tasbihi a fili. Wanda ya tashi a Damagaram, inda dutse mafi girma yaro yake hawansa kafin shayi ya dahu, dole irin wannan ya girgiza shi.

Gangaren Glandon ba a lissafa shi cikin lokacin mutum, saboda an sha yin munanan haɗura a wurin. Na ji daɗin wannan tsari ƙwarai. Hanyar siririya ce, kwanoninta a matse, na sauka a hankali ina matsa birki har yatsuna suka sage. A kwarin Maurienne na laɓe a bayan wani ayari iska ba ta dukana, muka ja har Saint-Michel. Abin da ban yi ba shi ne ci. Dabino yana aljihu, ina ta cewa sai an jima.

Hawa na biyu, Télégraphe, kilomita 12 ne cikin inuwar itatuwa, ya wuce ba wani labari, sai zafi da ya fara sauka. Valloire na cika gora, na ɗan ciji burodi da cuku, cikina ya ƙi karɓa.

Hawa na uku kuwa, Galibier, ban san yadda zan kwatanta shi ga wanda bai gani ba. Kilomita 18 daga Valloire, kuma rabin farko yaudara ne, kwari ne mai faɗi da rafi a gefe, kana hawa amma ido yana ce maka fili ne. Sai ka isa Plan Lachat, hanya ta tsallaka rafin ta juya dama, ka ɗaga kai ka ga mutane can sama jere kamar tururuwa a jikin bango. Daga nan saura kilomita 8, babu itace ko ɗaya, babu inuwa, iska ta yi siriri. Kana jan numfashi har ƙirji ya cika amma kamar ba ka ja komai ba. Na koma giya mafi sauƙi, yatsana ya ci gaba da neman wata, babu. Surutu ya ɗauke gaba ɗaya. Ɗaruruwan mutane a kan hanya, ba ka jin komai sai ƙarar sarƙa da haki. Wasu sun sauka suna turawa, wasu sun kwanta a ciyawa ido a rufe. Ni na koma ƙirga bugun feda da istigfari, ɗari in sake daga farko, don in na bar zuciyata ta yi lissafin abin da ya rage zan sauka. Ga ƙanƙara a gefen hanya da ba ta gama narkewa ba. Kusa da ƙololuwa akwai ramin da motoci suke bi su huta da sauran hawan, amma ba a yarda keke ya shiga ba, sai ka ƙarasa kilomitan ƙarshe wanda ya fi duka tsayuwa.

Mita 2,642. Na jingina keke a jikin allon, hawaye suka zubo ban hana su ba. A rayuwata ban taɓa kai jikina wuri irin wannan da ƙarfin ƙafata ba, kuma ko ban gama tseren ba wannan ba wanda zai karɓe mini.

Na sa rigar iska na gangara, na wuce dutsen tunawa da Henri Desgrange, mutumin da ya kafa Tour de France, babban tseren keke na Faransa, a 1903, na bi ta Lautaret da La Grave. Gangaren ya kusa kilomita 50, ga ramuka masu duhu da motoci a ciki, ga iska tana turo ka baya. Wuya da kafaɗa suka riƙe. A nan na gane tankin ya ƙare, domin ko a gangare ƙafata ba ta son juyawa.

Muguntar wannan tsere ita ce yana dawo da kai Bourg d'Oisans, inda ka tashi, inda motarka da gadonka suke, sannan ya ce ka hau Alpe d'Huez. Kilomita kusan 14, kwana 21, an jera musu lamba daga 21 a ƙasa zuwa 1 a sama, kowace da allo ɗauke da sunan waɗanda suka taɓa cin matakin Tour a nan, tun daga Fausto Coppi a 1952. Marco Pantani, gwanin keke ɗan Italiya, ya haye shi cikin ƙasa da minti 40. Na ga mutane da yawa sun ajiye a gindin. Ni na ce Bismillah na shiga.

Kwanonin farko su ne mafi tsanani, dutsen ya sha rana yini guda yana maido da zafin kamar tanda. A kwana ta 19 cinyar dama ta murɗe. Na tsaya, na miƙe ta, na sake hawa. A ta 17 ta hagu ta bi sahu. Na lallaɓa har La Garde, kwana ta 16, na sauka, sai na ga hanya tana juyawa, gumi kuma ya daina fita duk da zafin. Wani dattijo da ke zuba wa mahaya ruwa ya kama kan keken ya zaunar da ni a inuwar coci. Ya jiƙa mini ƙeya, ya kalli idona ya ce da Faransanci, ɗana, na yau ya isa. Na zauna minti ashirin ina gardama da kaina. Da na miƙe jiri ya dawo, na tuna yara biyu a gida, na juya kan keken ƙasa.

Saukowar ta fi hawan ciwo. Mutane suna ta hawa, ni ina wuce su da lambar tsere a gaban keke, ban iya haɗa ido da kowa ba.

Na yi wanka, na haɗa Azahar da La'asar a matsayina na matafiyi, da yake rana ba ta faɗuwa a nan sai bayan tara. Uwargida ta kira, na faɗa mata, ta yi shiru sannan ta ce, "Abban yara, ka ci abinci kuwa?" Na duba aljihun rigar, dabino goma sha ɗaya cikin goma sha biyar suna nan. Yaya ma ya kira daga Damagaram ya ce, "Ƙanena, tunda ka sauko da ƙafarka, alhamdulillahi." Na ce masa haka ne, amma maƙogwarona ya toshe.

Lambar tana nan ɗaure a kan keken, ban kwance ta ba. Ta taga ina hango fitilun Alpe d'Huez can sama. Gobe in ƙafa ta yarda, kafin in kama hanyar Lyon, zan tuƙa mota zuwa La Garde in nemi dattijon nan, don ban yi masa godiya ba.