Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Mu Biyu, Gado Talatin da Shida

Makon jiya na tsaya a inda ƙawata ta danƙa min makullin kabad ɗin magunguna, ta ce bizarta ta fito. Wasunku sun yi ta tambaya ko na ji haushinta. Wallahi ban ji ba. Na raka ta har tashar motar Abuja, na yi mata addu'a, sannan na dawo na shige banɗakin ma'aikata na sha kukana. Ita ce nas ta huɗu da ta tafi Ingila daga ɗakinmu na masu taɓin hankali cikin shekara biyu, kuma ba a kawo ko mutum ɗaya a madadinsu ba.

Matiron ɗinmu, wato shugabar nas-nas, da fensir take rubuta takardar duti, don ta san sai ta goge. Ranar da aka manna ta watan Disamba na 2022 na duba na ga sunana a dutin dare, ni da wata ƙaramar nas da ba ta cika wata biyar da fara aiki ba. Ɗakin mata, gado talatin da shida, duk a cike, har da katifa biyu a ƙasa. Na ce, "Matiron, mu biyu?" Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Sista, in kin ga ta uku a hanya ki taho min da ita."

Mutane suna zaton abin da ke gajiyar da mu marasa lafiya ne. Ba su ba ne. Mai taɓin hankali mutum ne da tsoro ya cika, in ka samu minti ashirin ka zauna da shi, sau da yawa ba sai an kai ga allura ba. Minti ashirin ɗin ne babu.

Dare na huɗu shi ne wanda ba na mantawa. Hunturu ya kankama, an ɗauke wuta tun bayan isha'i, janareto kuma sai ɓangaren gaggawa ake ba. Muna da fitila mai caji guda ɗaya da tocilan wayoyinmu. A gado na bakwai akwai wata mai jego da aka kawo da la'asar, haihuwar fari, ba ta fi shekara ashirin ba. Kwana biyar da haihuwa barci ya ƙaurace mata, ta fara cewa an musanya mata jariri, tana jin ana kiran sunanta daga cikin randa. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, daga ƙarshe aka kai ta gidan mari ta yi kwana tara. Da na ɗaga zanenta don in duba, idon sawunta duka biyu ya saɓule, shatin ƙarfe ya zagaye shi kamar munduwa. Mahaifiyarta ce ke jinyarta, wata 'yar tsohuwa siririya da carbi a wuya, ta shimfiɗa tabarma a gindin gadon.

Bari in ɗan ratse a nan. A makarantar koyon jinyar ƙwaƙwalwa an karantar da mu labarin Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda a 1954 ya fara sauke marasa lafiya a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro na Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, su zo asibiti da rana su koma cikin mutane da dare. Shi ya yi haka ne don ya gane cewa dangi ma magani ne. Mu kuwa muna riƙe masu jinya ne don ba mu da hannu. Su ke wanka, su ke ba da abinci, su ke gadi. Ranar da masu jinya za su watse, a ranar za a rufe ɗakin.

Wajen ƙarfe ɗaya da rabi sai ihu ya tashi daga can ƙarshen ɗaki. "Sun dawo! Innalillahi, sun dawo!" Na ruga da tocila. Wata budurwa ce a gado na ashirin, wuyanta ya murɗe gefe guda, idanu sun ƙafe sama sai fari kake gani, harshe ya fito, yawu na dalala. Gwaggonta na tofa mata Ayatul Kursiyyu, wata maƙwabciyar gado har ta ciro ƙullin tazargade tana neman ashana. Ban ga laifinsu ba. Duk wanda ya ga wannan yanayi bai san shi ba, aljani zai ce. Ni kuwa na san kwana biyu ke nan tana karɓar haloperidol, wani maganin taɓin hankali, kuma yakan yi wa wasu haka, musamman matasa: jijiyoyin wuya da na ido da na harshe su ɗaure. Abin tsoron shi ne ya sauka maƙogwaro ya tare numfashi.

Na kira likitan da ke kan kira. Shi kaɗai ne a asibitin gaba ɗaya, yana ɓangaren gaggawa da wani yaro da tiramadol ya sa shi jijjiga. Ya ce, "Sista, ba zan iya tasowa ba," ya faɗa min allurar da zan yi da adadinta, na maimaita masa, na rubuta. Na ce da gwaggon, "Gwaggo, ci gaba da addu'arki, amma riƙe min hannun nan." Cikin minti ashirin wuyan ya saki, idanu suka dawo. Yarinyar ta fashe da kuka, ta ce duk abin da ake yi tana ji, magana ce ta gagara.

Ina cikin rarrashinta na ji ƙaramar abokiyar aikina tana ƙwala min kira, "Anti! Anti, ƙofa!"

Mai jegon nan ce. Ta lallaɓa har bakin ƙofar ƙarfe tana jijjiga ta, ƙaramar nas ɗin ta rungumo ta ta baya, abin da aka hana mu tun a aji. Kafin in ce ta sake ta, mai jegon ta wurgo kai baya, ni kuma na iso daidai lokacin. Ƙeyarta ta same ni a baki. Gilashina ya faɗi ya tsage, na ji gishirin jini a harshe. Baba mai gadi ya taso daga waje yana cewa, "Malama, in shigo?" Na ce, "A'a Baba, tsaya nan." Namiji da sanda a ɗakin mata da tsakar dare, ai sai ɗakin duka ya tashi.

A nan ne na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na waiwaya na ga tsohuwar nan ta farka a firgice tana laluben ɗankwali, sai na daka mata tsawa a gaban kowa. "Inna, barci kika zo yi? Ba na ce ki sa mata ido ba?"

Ta dube ni, ta sunkuyar da kai. "Yi haƙuri 'yar nan. Kwana goma sha tara ke nan ban runtsa ba. Da na ga mun shigo hannunku ne idona ya rufe."

Sa'ar uwata. Na rasa inda zan sa fuskata.

Na juya wajen mai jegon, na rage murya, na tsaya daga gefe inda za ta gan ni. Na ce, "Ƙanwata, ina za ki a daren nan?" Ta ce, "Yarona yana kuka. Ba ku ji?" Sai na haska ƙirjinta. Gaban rigarta ya jiƙe sharkaf. Tun da aka raba ta da jaririn babu wanda ya tuna da nono, ya cika ya yi tauri kamar dutse, taɓawa kaɗan sai ta zabura. Da la'asar an auna jininta, an rubuta abin da take ji da abin da take gani, an yi mata allurar barci, amma ba a samu wanda ya duba wannan ba, har da ni da na karɓi duti. Ba rashin sani ba ne. Mutum biyu ne da safe, biyu da rana, biyu da dare.

Muka roƙi ruwan zafi a filas ɗin wata mai jinya. Na zaunar da ita a ofishinmu, na gasa mata da tawul, Inna ta taya ta tatsa a kofi. Tana yi tana hawaye, jikinta na saki a hankali. Ba mu ƙara mata ko ƙwaya ɗaya ba. Kafin kiran assalatu ta yi barci, kanta a cinyar uwarta. Na durƙusa na ce, "Inna, ki yafe min." Ta ce, "Ba ki yi min komai ba. Allah ya yi miki albarka, je ki wanke bakinki."

Sauran daren rubutu ne. Rahoto a kan mutum talatin da takwas, da tsagaggen gilashi, waya a saƙale a baki don haske. Wadda za ta karɓe ni ba ta iso ba sai tara saura, ta maƙale a layin mai. A takardar rahoton rauni na rubuta abin da ya faru, na sa hannu, aka saka ta a fayil, nan ta kwana har yau. Shekara da shekaru alawus ɗin haɗarin da ake ba ma'aikatan lafiya naira dubu biyar ne a wata. Ko da aka ƙara, bai sayi gilashin da na sake ba.

Da na isa gida yara sun tafi makaranta. Abbansu ya kalli leɓena ya ce, "Yau kuma?" Bai ƙara ba, ya ɗora min ruwan wanka. Shi bai taɓa cewa in bari ba. Danginsa ne ke faɗa. Akwai wata yayarsa da ba ta kirana sai "nas ɗin mahaukata", wai wasa, kuma ta taɓa gaya masa a gabana cewa mai zama da su a hankali yake zama su. Wannan ba ya damuna. Abin da ya tsaya min a rai shi ne ranar da babbar 'yata, tana aji huɗu a lokacin, ta ce, "Umma, ke a asibiti kike ƙarar da haƙurinki, mu sai faɗa." Na ɗaga hannu zan make ta, sai na sauke, don gaskiya ta faɗa.

Bayan wata guda, a Janairun 2023, aka ce Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958 da muka gada tun zamanin Turawa. Mun yi murna, don doka ce da ta ɗauki mara lafiya a matsayin mai haƙƙi, ba abin da za a kulle ba. Matiron ta karanta mana labarin daga wayarta, muka tafa, sannan ta ɗauki fensirinta ta koma kan takardar dutin Fabrairu. Mu biyu ne dai.

Ita kuwa mai jegon, na roƙi babban likita a zagayen safe ya bari a riƙa kawo jaririn, muna tsaye. Ranar farko ta ƙi kallonsa. Rana ta uku ta taɓa ƙafarsa. A mako na biyu na shigo na tarar ta goya shi tana zagaya ɗaki, masu jinya na yi mata guɗa ƙasa-ƙasa. Irin wannan ciwo na bayan haihuwa yana jin magani ƙwarai in an zo da wuri, kuma yana iya dawowa a haihuwa ta gaba, shi ya sa ranar sallama na zaunar da mijin na ce, "Malam, duk ranar da ta samu ciki, ku fara zuwa nan kafin ku sayi kayan jariri." Ya yi dariyar kunya ya ce to. Sun zo asibiti sau uku ko huɗu, daga nan ban ƙara ganinsu ba. Haka aikin yake. Wanda ya dawo mana, yawanci ciwo ne ya dawo da shi.

Akwai ƙa'idar da muke bi: in ka haɗu da wanda ka yi jinya a waje, ba ka fara gaishe shi. Wataƙila wanda ke tare da shi bai san ya taɓa kwanciya a wurinmu ba, gaisuwarka kaɗai ta isa ta kashe aure ko ta hana shi.

Ana saura kwana uku ƙaramar Sallah ta 2024 ina kasuwa wajen masu takalman yara, sai na gan ta. Ta yi ƙiba, ta sha lalle, tana tare da wasu mata biyu da na ɗauka dangin miji ne, ga wani ɗan yaro yana ja mata hijabi. Idonmu ya haɗu. Ta kau da kai, ni ma na kau, na ci gaba da taya takalmi. Suka wuce.

Ina ƙirga canji na ji an taɓa min gwiwa. Yaron ne, da ledar dabino a hannu, irin ta ɗari biyu. Ya miƙo min bai ce komai ba, ya juya da gudunsa na 'yan koyo. Can bakin layi uwarsa ta tsaya ta ba ni baya, tana duba wani yadi kamar ba ita ba. Da ta sunkuya ta ɗauke shi, zanenta ya ɗan ɗage, na hango safa a ƙafarta, cikin zafin nan na Afrilu.

Mai takalma ya ce, "Hajiya, kin san su ne?" Na ce, "A'a, yaro ne kawai."

Da dabinon na sha ruwa a ofishinmu ranar, don dutin dare gare ni. Na ba abokiyar aikina uku. A daren ne kuma ta nuna min saƙon da ya shigo wayarta, sakamakon jarrabawar Turanci ta masu neman aiki a ƙasar waje da ta rubuta a ɓoye. Abin da na ce mata, da abin da ya sa ni kaina na je na yi fasfo bayan Sallah, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.